Yadda Aka Yi Wa Jirgin Sama Sawu

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na kudancin Jihar Katsina, bin sawu tsohuwar sana'a ce. In saniya ta ɓata, ko an kore ta da dare, da gari ya waye sai a kira wanda ya san daji. Ya sunkuya ya dubi kofato, ya dubi ciyawar da aka tattake, ya taɓa kashin shanu ya ji ko ɗanye ne ko ya bushe, sa'an nan ya ce, nan suka bi, ba su kuwa daɗe da wucewa ba. Kome ya yi tafiya a ƙasa yakan bar labarinsa a baya.

Tsuntsu kaɗai ba ya barin sawu. Da ɗan Adam ya kwaikwayi tsuntsu ya tashi sama, sai ya gaji wannan hali nasa. Jirgi yakan tashi ana kallonsa, ya ƙule, in bai komo ba a rasa ko ta ina za a fara nema. Shekara da shekaru mutane suna mutuwa a daji da hamada bayan sun sauka da ransu, domin kawai ba a san inda suke ba. Ga tarihin yadda aka yi maganin wannan, musamman wajen wani irin jirgi da ya fi kowane kama da tsuntsu.

Jirgin da ba shi da inji

Wanda ya taɓa zama gindin bishiya da hantsi ya ɗaga kai, ya san yadda shirwa da ungulu suke kewaya sama ba tare da kaɗa fiffike ba. Dalili shi ne, in rana ta gasa ƙasa, musamman faƙo da duwatsu da gonar da aka share, sai iskar da ke kansu ta yi zafi ta yi ta hawa sama kamar hayaƙi, ko da yake ido ba ya ganinta. Tsuntsun yakan shiga cikin wannan iska ya yi ta kewaya tana ɗaga shi. In ya yi tsawo ya miƙe fukafukai ya gangara, har ya tarad da wata iskar ya sake hawa. Shi ya sa ba a ganin ungulu a sama da asuba, sai rana ta yi zafi.

Akwai jirgin sama da ke tafiya da wannan dabara. Ba shi da inji, ba ya shan mai, Turawa suna kiransa gilaida. Siriri ne, fukafukansa dogaye, daga wannan baki zuwa wancan sukan kai ƙafa 50 ko fiye. Wani jirgi mai inji ke jansa da igiya ya kai shi sama ya sake shi, ko kuwa a fizge shi daga ƙasa da injin naɗe igiya. Daga nan matuƙi ba shi da abin dogara sai Allah, sai saninsa na iska da gajimare. Mai kyau daga cikinsu, in ya kai tsawon mil 1 a sama, yana iya gangarawa mil 40 kafin ya taɓa ƙasa, watau kusan tafiyar Zariya zuwa Funtuwa.

Wannan jirgi ya girmi mai inji. Marubutan tarihin Andalus sun ba da labarin wani masani, Abbas ibn Firnas, wanda ya ɗaura fukafukai ya yi tsalle a birnin Kurɗuba cikin ƙarni na 9, ya yi ɗan tafiya a sama, amma ya ji ciwo wajen sauka. Shekara dubu bayansa wani Bajamushe, Otto Lilienthal, ya yi ta nazarin wani tsuntsu ɗan'uwan shamuwa, ya ƙera fukafukai, ya tashi wajen sau 2,000 daga 1891 zuwa 1896. Ran 9 ga Agusta, 1896, ya faɗo, kashegari ya mutu. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, da gilaida suka koyi tuƙi kafin su sa wa jirginsu inji cikin Disamba, 1903.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka ƙuntata wa Jamus wajen ƙera jirage masu inji, saboda haka samarinsu suka koma ga gilaida. Cikin 1920 suka fara gasa a kan wani dutse da ake kira Wasserkuppe, kafin shekara goma kuwa sun gane sirrin ungulu, suka fara barin dutsen suna ƙetare ƙasa. Wasan ya yaɗu duniya, har ya iso Afirka ta Yamma. Cikin 1962 Shugaba Kwame Nkrumah ya gayyato wata Bajamushiya, Hanna Reitsch, wadda ta yi wa gwamnatin Hitler aikin gwajin jirage, ta kafa makarantar gilaida a Afienya ta ƙasar Gana, ta riƙe ta har aka hamɓare Nkrumah cikin 1966. Cikin Janairu, 2003, wani mai suna Klaus Ohlmann ya yi tafiyar fiye da mil 1,800 a yini guda a ƙasar Ajantina, ba da ɗigon mai ba.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Jirgi mai inji yakan faɗi inda za shi, ya bi miƙaƙƙiyar hanya, a san sa'ar da zai isa. Gilaida kuwa inda iska mai hawa take nan yake bi, yau gabas gobe yamma. In iskar ta mutu tilas ya sauka inda ya samu kansa, ko gona ko fadama ko daji. Galibi lafiya ake sauka, abokan matuƙi su zo da mota su kwance fukafukan su ɗauke. Amma in ya bugi dutse ko kututture ya karye, ba ya iya tashi ya nemi mutane. Ga shi kuwa jirgin ba shi da ƙara balle a ce wani ya ji wucewarsa, ba shi da mai balle a hangi hayaƙi.

Kwana takwas ƙarƙashin fiffike

Domin a gane nauyin wannan magana, sai a dubi abin da ya faru a hamadar da ke arewa da ƙasar Hausa. Jiragen sama sun fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, guda 3 na sojan Ingila, daga Masar, wani hafsa Arthur Coningham ke jagorancinsu. Daga nan matuƙa suka yi ta ƙetare Sahara, waɗansu don aiki, waɗansu don neman suna.

Cikin masu neman suna akwai wani Bature, Bill Lancaster. Ran 11 ga Afrilu, 1933, ya tashi daga Ingila shi kaɗai cikin wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, yana so ya isa Afirka ta Kudu da saurin da ba a taɓa yi ba. Kashegari da yamma ya tashi daga Reggane ta ƙasar Aljeriya ya nufi Gao. Bai yi nisa ba injin ya mutu cikin duhu, jirgin ya kife bisa rairayi. Ya ji rauni a fuska, amma ya fito da ransa, yana da ruwa wajen galan 2.

Ya yi abin da aka koya masa, bai bar jirgin ba. Da rana ya fake ƙarƙashin fiffike, da dare ya yayyage ƙyallen jirgin ya kunna wuta ko wani ya hanga. Yana tsimin ruwa, yana rubuta abin da ke samunsa a littafin jirgin kowace rana. Faransawa sun fita nemansa da jirage da motoci, amma sun zaci ya yi nisa, suka fi ba da ƙarfi wajen kudu. Rubutunsa na ƙarshe na ran 20 ga Afrilu ne. Ba a ga gawarsa ba sai ran 12 ga Fabrairu, 1962, sa'ad da waɗansu sojan Faransa masu sintiri suka yi kiciɓis da ita, littafin yana ɗaure a jikin jirgin. Faɗuwa ba ta kashe Lancaster ba. Yana da kwana 8 a hannu, masu nema suna da jirage da mai, abu guda aka rasa, watau sanin wurin.

Taurarin ɗan Adam

Ran 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik. Ba abin da yake yi sai kewaya duniya yana aiko da ɗan sauti ta wayar iska. Waɗansu masana na Amurka suka kasa kunne, suka lura sautin yana canjawa. Kowa ya san yadda ƙahon mota yake yin tsini in tana tahowa, ya yi kauri in ta wuce. Da irin wannan canji suka lissafa inda tauraron yake. Sa'an nan aka juya lissafin: in an san inda tauraro yake, ashe ana iya gane inda mai magana da shi yake a ƙasa.

Ƙasar Hausa ta sa hannu a farkon wannan aiki. Da Amurka ta tashi aika mutum ya kewaya duniya, ta kakkafa tashoshi a ƙasashe dabam-dabam don bin sawun kumbonsa, ɗaya daga cikinsu a Kano. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, kwana 8 bayan an tsinci gawar Lancaster, John Glenn ya kewaya duniya sau 3, tashar Kano tana cikin masu saurarensa.

Kafin a ɗora wa taurari aikin ceto, an riga an ƙirƙiro wani ɗan akwati da ake sa wa jirgi, wanda za a iya kira akwatin kururuwa. In jirgi ya bugi ƙasa da ƙarfi sai ya kunna kansa ya yi ta kuka ta wayar iska. Amma kukan ba ya amfani sai in wani jirgi ya gitta kusa ya ji. Saboda haka cikin 1979 ƙasashe 4, Kanada da Faransa da Amurka da Tarayyar Sobiyat, suka ajiye gabar da ke tsakanin Gabas da Yamma a kan wannan al'amari, suka shirya a sa wa taurari kunnen jin kukan. Aka kira shirin Cospas-Sarsat. Aka harba tauraron farko cikin Yuni, 1982. Cikin Satumba na wannan shekara wani ƙaramin jirgi ya faɗi a duwatsun yammacin Kanada da mutum 3, waɗanda su ma wani ɓataccen jirgi suka fita nema. Tauraron ya ji kukan akwatinsu, aka cece su duka da ransu. Ya zuwa 2020 shirin ya taimaka wajen ceton mutum fiye da 50,000 a tudu da teku, ba a kuwa karɓar ko anini daga wanda aka ceta. Nijeriya ta shiga shirin, aka kafa cibiyarsa a Abuja ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta NEMA.

Akwatunan farko ba su nuna wuri sai da kuskuren wajen mil 12. Na baya sun rage shi zuwa mil 3, suna kuma faɗin lambar jirgin. Ran 1 ga Fabrairu, 2009, taurari suka daina sauraren tsofaffin. A wannan tsakani kuma Amurka ta kammala wani shiri, GPS, cikin 1995, da taurari 24 masu kewayawa a tsawon wajen mil 12,500. Kowanne yana ta faɗin lokaci da inda yake. Na'urar da ke ƙasa in ta ji 4 daga cikinsu sai ta lissafa inda ita kanta take. Da aka haɗa wannan da akwatin kururuwa, kuskuren ya koma wajen yadi 100.

Akwatin da ke magana tun ana lafiya

Duk da haka akwatin kururuwa yana da aibi babba, sai an faɗi yake magana, faɗuwar kuwa tana iya kashe shi. Eriyarsa ta karye, ko ya ƙone, ko ya nutse.

Abin da ya farkad da masu tuƙin gilaida shi ne ɓatan ɗaya daga cikin manyansu. Steve Fossett attajiri ne na Amurka. Cikin Agusta, 2006, shi da abokinsa Einar Enevoldson suka kai gilaida tsawon fiye da ƙafa 50,000 a Ajantina, abin da ba a taɓa yi ba. Ran 3 ga Satumba, 2007, ya ɗauki wani ƙaramin jirgi mai inji a jihar Nevada don ɗan kewaye, bai komo ba. Ba a ji kukan akwatinsa ba. Aka yi wajen wata guda ana nema da jirage masu yawa, aka gaji aka bari. Sai ƙarshen Satumba, 2008, wani mai yawon duwatsu ya tsinci takardunsa a jihar Kalifoniya, sa'an nan aka ga tarkacen jirgin. Bisa ga alamu nan take ya mutu, na'ura ba ta da ikon cetonsa, amma da ta hutar da iyalinsa zaman zullumi na shekara guda, ta hutar da masu nema sa ransu cikin haɗari.

A ƙarshen 2007 ɗin nan aka fara sayad da wata 'yar na'ura mai suna SPOT, wadda ba ta fi tafin hannu ba, matuƙan gilaida suka rungume ta. Ita wannan akwatin sawu ce. Tana lissafa inda take ta GPS, sa'an nan kowane minti 10 ta aika wa waɗansu taurari labari, su kuma su sauko da shi, ya fito a taswira cikin kwamfutar iyalin matuƙi ko abokansa. Haka ɗigo ke bin ɗigo, kamar kofato a kan rairayi. Tana da maɓallin da matuƙi zai danna ya ce ya sauka lafiya, da wani na neman a zo a ɗauke shi, da wani na neman ceto. Cikin 2011 aka fito da wata, inReach, wadda ke aiki da taurarin Iridium 66, ana iya aika saƙo da ita a kuma karɓi amsa.

Hikimar ita ce, ko na'urar ta farfashe, ta riga ta bar sawu. Ga lissafi. In gilaida ya tashi aka san dai bai wuce mil 100 daga fili ba, ƙasar da za a bincika ta fi murabba'in mil 31,000, watau ta ninka Jihar Katsina duka fiye da sau 3. In kuwa an san inda yake minti 10 kafin ya yi shiru, yana tafiyar mil 60 a sa'a, bai wuce mil 10 daga ɗigon ƙarshe ba, ƙasar nema ta koma wajen murabba'in mil 314. Aikin wata ya zama na sa'o'i, mai karaya kuwa sa'o'i yake da su.

Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Tilas a duba batir kafin a tashi, a biya kuɗin hayar taurari, a ɗaura na'urar inda za ta ga sarari, domin ba ta magana ta cikin ƙarfe. Mafi girma duka, tilas a ajiye mutum a ƙasa wanda ke duban taswirar, ya san sa'ar da ya kamata matuƙi ya komo, ya san kuma wanda zai kira in ɗigo ya tsaya wuri guda ba a danna maɓallin lafiya ba. Sawun da ba mai binsa daidai yake da babu.

Kusa da gida

Wasan gilaida bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, ko da yake akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya tun 1964. Amma darasin ya shafi Nijeriya sosai. Ran 15 ga Maris, 2008, wani jirgi ƙirar Beechcraft ya tashi daga Ikko da ma'aikata 3 ya nufi wani ɗan fili kusa da Obudu, ya ɓace. Aka yi ta nema wata da watanni ba labari, har ƙarshen Agusta, sa'ad da waɗansu maharba suka iske tarkacensa a duwatsun Jihar Kuros Riba.

Ran 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo wani jirgin yaƙi na Nijeriya a dazuzzukan iyakar Zamfara da Kaduna, yamma da Faskari da Sabuwa. Matuƙin, Flight Lieutenant Abayomi Dairo, ya diro da laima. Kamar yadda rundunar sojan sama ta bayyana, ya ɓuya har rana ta faɗi, sa'an nan ya bi duhu yana duban hanya a wayarsa ta hannu, har ya isa wurin sojan ƙasa. Wayar ta gaya masa inda yake, shi kuwa yana da ƙafafun tafiya. Da ya karye fa, sanin nan ba zai fisshe shi ba sai in ya isa ga waɗansu.

Mutanen kudancin Jihar Katsina sun san wannan bambanci da jikinsu. Cikin Satumba, 2021, aka rufe layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni mutum na riƙe da waya ba ya iya gaya wa ɗan'uwansa yana raye. Wayar hannu da turken ƙarfen da ke bakin gari take magana, in an kashe shi ko an yi nisa da shi ta zama bebiya. Akwatin sawu kuwa kai tsaye yake magana da sama. Saboda haka amfaninsa bai tsaya ga matuƙa ba, masu ƙetare hamada da ma'aikatan agaji da masunta na teku duk suna riƙe irinsa.

Daga Lancaster zuwa yau an yi nisa, amma tauraro bai taɓa ɗaukar majinyaci ba, wuri kaɗai yake nunawa. Galibi wanda ke fara isa manomi ne ko makiyayi ko maharbi. To, in Allah ya sa jirgi ya sauka a gonar wani, ga abin da ya kamata. Kada a kusance shi da wuta ko taba. Kada a ja wanda ya ji ciwo a wuya ko a baya, sai in wuta za ta cim masa, a yi masa inuwa a tsaya tare da shi. A aika wa mai gari da hukuma nan da nan, a faɗi sunan ƙauye da alamar wurin. In an ga ɗan akwati mai ƙyifta fitila, kada a kashe shi, kada a rufe shi, kada kuma yaro ya ɗauke shi ya kai gida, gama masu ceto inda akwatin yake nan za su nufa, su bar mai ciwo kwance a gona.